Baƙon Anafo

Sanyuanli, Guangzhou
7 ga Satumba

Taubashiyata Saffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Souleymane da 'yan lakwal ɗin ajinki da kike wuni kina yi wa tsawa. Ni lafiya lau, in ban da zafin garin nan mai danshi, ka yi wanka ka fito ka sake neman wanka. Ya jikin Iya? An ce tun faɗuwar da ta yi da damina hawan jinin ya ɗan lafa. Ki ce mata angonta na nan, 'yan matan Shinuwa ba su ƙwace shi ba.

Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta kamar kullum, tunda Iya maganar salula ba ta shiga kunnenta. Amma wannan karon ki fara karantawa ke kaɗai, sannan ki ga abin da ya kamata ta ji.

Shekaranjiya bayan an sauko Jumma'a yunwa ta hau da ni bene na uku, wurin wata Hajiya Sadiatu 'yar Gana mai sayar da wake da shinkafa. Na zauna kusa da wani saurayi, sunansa Jamaldeen, rigunan ƙwallo yake sara a kasuwar Liuhua yana turawa gida. Ga abinci yana hucewa a gabansa, shi kuwa ya tasa salula gaba yana murmushi shi kaɗai. Kin san ni da shiga sharo ba shanu. Na leƙa.

Saffana, wallahi sai da cokali ya suɓuce mini. Bakin teku ne. Kwale-kwale jere a kan yashi, kowanne da fentinsa da tutarsa. Ga wani babban farin gida a kan tudu, da igwa biyu masu tsatsa suna kallon ruwa. Can cikin ruwan kuma ga baƙin dutse, da tozonsa da dogon wuyansa, ya durƙusa. Ban san lokacin da na ce, "Dutsen Raƙumi!" ba. Saurayin ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Wa ya faɗa maka? 'Yan zangonmu kaɗai ke kiransa haka."

Ke ma kin san sau nawa Iya ta zaunar da mu a kan labarin nan: garin da aka haife ta a Gana, da shekarar da aka kori baƙi aka loda su a kamyo tana 'yar shekara takwas, aka baro ƙanwarta Abiba. Sunan garin da ta riƙe shi ne Anafo. Kawu Ilu ya je nema ya dawo hannu rabbana, ya ce kowane gari a gaɓar nan yana da nasa Anafon, don a yaren Fante gangaren gari kawai ake nufi. To Jamaldeen ya faɗa mini sunan garin na gaskiya. Harshena ya kasa juya shi, sai na sa ya rubuta mini a bayan takardar kayana.

Ban gaya masa komai ba tukuna. Tsoro nake ji, don dutse yakan yi kama da dutse. Ki ɗan ja Iya da hira, ta faɗa miki wasu alamomin garin waɗanda ba ta taɓa gaya mana ba. Mun yi da shi za mu sake haɗuwa wurin Hajiya Jumma'a mai zuwa.

Naki, ko kin ƙi ko kin so,
Ma'azu

*

Maraɗi
10 ga Satumba

Ma'azu ɗan mace,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Souleymane yana amsawa, 'yan lakwal kuma tsawar ce ta sa suka fi ka iya rubutu. Wannan hannu naka, kamar kaza ta bi ta kan kayen rubutu. Iya da sauƙi. Ƙafar hagun ce har yanzu take ja.

Ka ce in ja ta da hira. Kai da ka san Iya? Ban gama cewa "Wai Iya, can garinku" ba ta ce, "Me Ma'azu ya rubuto?" Na karanta mata duka. Da na zo wurin dutsen ta riƙe mini hannu, har yanzu da shatin farcenta.

Ga abin da ta ce ka tambaya, na rubuta yadda ta faɗa.

Akwai rijiya a bayan masallacin zango, taku talatin tsakaninta da teku, amma ruwanta daɗi, babu gishiri ko kaɗan. A tsakiyar gari akwai jirgin ruwa na siminti, a kansa mutum-mutumi da hular soja, gefensa zaki mai karyayyen kunne. Ranar Talata ba mai shiga teku, maza zama suke yi a gindin kwakwa suna ɗinkin koma. Daga yashi zuwa farin gidan igwa matakala arba'in da ɗaya ce, ita da Abiba suka ƙirga, Abiba ba ta iya wuce goma ba sai ta koma ɗaya. A gindin matakalar ne murahun laka suke, inda ake bandar kifi, hayaƙin har cikin zanen mutum. Ta ce ko yau ta ji ƙamshin busasshen kifi a kasuwa sai ta tuna wurin.

Sai kuma ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Mu dai mun san an baro Abiba, ba mu san yadda aka yi ba. Ashe ƙyanda ce ta rufe ta, tana 'yar shekara biyar, direban kamyo ya rantse ba za ta shiga masa mota ba. Uwarsu ta riga ta rasu. Babansu ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta wurin maƙwabciyarsu, wata 'yar Fante mai bandar kifi, ya ce ta riƙe masa, in ƙura ta lafa zai dawo. Shekara na zagayowa ya rasu a nan Maraɗi. Iya ta ce tana cikin kamyo tana jin kukan Abiba har suka haye tudu.

Ma'azu, ka ji tsoron Allah ka bi abin nan a hankali. Likita ya ce a raba ta da tashin hankali. Tun da ta faɗi ba ta da zance sai na Abiba, ɗiyata ma wani lokaci da sunan take kiranta. Amma jiya ta cinye tuwonta tas, ta ce a fito mata da kujera tsakar gida. Rabon da ta yi haka tun watan Yuli.

Ta ce a gaya wa ango in ya samo mata ƙanwarta ta yafe masa sadaki.

Uwargijiyarka,
Saffana

*

Sanyuanli
13 ga Satumba

Saffana,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, jiki dai. Allah ya ƙara wa Iya sauƙi.

Ban san ta inda zan fara ba. Garin shi ne, babu ko tantama. Rijiyar na nan, an yi mata murfin siminti, har yau daga cikin gari ake zuwa ɗiba. Da na ambaci zaki mai karyayyen kunne Jamaldeen ya buga tebur yana dariya, ya ce an yi masa sabon fenti har sau uku amma ba wanda ya gyara kunnen. Matakala ce kaɗai muka yi gardama, shi ya ce arba'in. Can ya ce tsaya, ta can ƙasa ai teku ya cinye ta tun yana ƙarami. Ya nuna mini tafkin gishirin bayan gari, da hasumiyar fitilar da ke nuna wa masunta hanya, wadda ya ce bayan tafiyar su Iya aka gina. Ni da ban taɓa taka wurin ba sai na ji kamar garinmu ake nuna mini.

Sai na daure na tambaye shi ko ya san wani yaro da aka bari shekarar korar baƙi. Ga amsarsa, ban canza ko kalma ba:

"Kakana ke nan. Sunansa Baƙo, kowa Kaka Baƙo ke ce masa. Babansa ya bar shi wurin wani mai kifi, yana ciwo, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Har yau ya na nan gindin matakala, ya na bandar kifi."

Gabana ya faɗi don murna, ya sake faɗuwa don baƙin ciki. Na ce, Abiba fa? Ya ce bai san wata Abiba a gidansu ba, bai taɓa jin sunan ba. Ya ce ai yaran da aka bari a lokacin ba ɗaya ba ne, wasu an kai su wasu garuruwa, wasu sun mutu.

Kin gani. Namiji ne, Saffana. Wani bawan Allah ne da irin ƙaddarar tamu ta faɗa wa. Mun sami garin, ba mu sami mutum ba. Na tashi ban gama abincina ba, ko lambarsa ban karɓa ba, don ji na yi in na ƙara minti ɗaya zan yi abin kunya a gaban mutane. Na shiga metro na wuce tashata har biyu ban sani ba.

Laifina ne da na yi gaggawar rubutowa. Na ɗaga wa tsohuwa rai a banza. Ke kika san yadda za ki faɗa mata, ni kam ban da fuskar.

Ma'azu

*

Sanyuanli
1 ga Oktoba

Saffana,

Lafiya kuwa? Kwana goma sha takwas ke nan. Na kira, kin ce kina cikin aji. Na sake kira, kin ce lafiya lau kin kashe. Souleymane ya ce in tambaye ki. In fushi Iya take yi da ni ki faɗa mini, in kuma jikin ne ya tashi saboda takardata, wallahi ɓoye mini ya fi faɗar ciwo. Ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ma'azu

*

Maraɗi
5 ga Oktoba

Ma'azu,

Salamu alaikum. Kowa lafiya, Iya ma lafiya, ka kwantar da hankalinka. A'a, kada ka kwantar. Ka karanta wannan a tsaye da takalminka a ƙafa.

Na yi laifi, bari in fara da shi. Ban karanta mata takardarka ba. Na buga hotonta a takarda na ninke na tura ƙasan littattafan 'yan aji. Na ga matar da ta fara cin abinci, ta fara tsokanar mutane, in zo in ce mata namiji ne? Kullum sai ta tambaya, kullum sai in ce ba rezon salula a ƙasar Sin. Mako uku ina wannan ƙarya, ni malama guda. Jiya da safe na kawo mata magani ta kau da kai, ta ce ba za ta sha ba sai an karanta mata abin da ake ɓoyewa, mai daɗi ko marar daɗi, ita ba yarinya ba ce.

Na karanta. Rijiya, zaki, matakala, tana ta gyaɗa kai. Da na zo maganar Jamaldeen ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta ce, "Sake." Na sake. Sai ta fashe da dariya, dariya har da tari, na tsorata na ɗauko ruwa. Kafin in juyo dariyar ta koma kuka.

Ta ce, "Ku 'yan boko Allah ya shirye ku. A can wa ke cewa 'ta'? Hausar zango ba ta san mace ba. Uwar da ta haife mu ma 'shi' muke ce mata. Da muka zo Maraɗi shekara guda yara suna bina suna dariya, don na ce goggona ya tafi kasuwa." Ta ce in Baƙuwa suke nufi, Baƙo za su ce. Sannan ta ce in tambaye ka, a duk hotunan da ka gani, ka ga namiji ko ɗaya a bakin murhu? Maza su kamo, mata su banda, haka garin yake tun fil azal.

Ma'azu, wata shida kana ƙasar mutane kana cin wake da shinkafarsu, kunnenka bai taɓa kama wannan ba? Ni ma da nake zaginka, da na karanta mata ran da ta iso, da tuni an wuce wurin. Mu biyu babu na zaɓe.

Ka tashi ka nemo yaron nan duk inda ya shiga. Ta sha maganin, amma ta ce in an yi la'asar a juya mata kujera ta kalli ƙofa.

Saffana

*

Sanyuanli
15 ga Oktoba

Saffana, Saffana,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ƙafafuna ne kawai suka kumbura, kuma sun cancanta. Ki ba Iya maganinta, ki bari ya ratsa ta, sannan ki karanta.

Ran da takardarki ta iso na ruga wurin Hajiya Sadiatu. Ta ce Jamaldeen ya loda kwantenarsa ya tashi tun mako biyu, ba ta da lambarsa, cin abinci kawai yake zuwa. Muna cikin magana na tambaye ta ina 'yarta da ke taya ta, ta ce, "Hamdia? Ya tafi kasuwa." Na dafe kai. Sau nawa na ji irin wannan a bakinta ina dariya a ciki, ina cewa Hajiya ba ta iya Hausa ba. Ashe ni ne ban iya ji ba.

Na nufi Liuhua. Lokacin baje koli ya gabato, ko'ina cike, ba masaka tsinke. Masu rigunan ƙwallo sun fi ɗari. Ba ni da hotonsa, ba ni da cikakken sunansa, sai dai in ce dogo, ɗan Gana, mai tabo a gira. Kowane loban, wato mai shago, ya ɗaga hannu ya ce "meyo", babu. Kwana huɗu ina shan meyo. A na biyar wani ya ce meyo, matarsa da ke cin taliya a bayan kanta ta daka masa tsawa, ta zaro salula ta nuna mini fuskar Jamaldeen da lambarsa. Na yi mata shiyeshiye, wato godiya, ya fi sau goma, har ta kore ni.

Na same shi a salula, yana Akara. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, kakanka mace ce ko namiji? Ya ce, "Mace ne mana! Wane irin tambaya ke nan?"

Na ba shi labari tun daga kamyo. Ya ce zai hau mota zuwa garinsu ran Talata. Jiya ke nan. Ya kira ni da hoto mai motsi tun daga tasha, ya bi da ni ta gaban jirgin siminti, ta gindin kwakwa inda maza ke ɗinkin koma, ga Dutsen Raƙumi can ruwa na dukan ƙirjinsa. Ya tsaya a gindin matakala. Wata tsohuwa tana juya kifi a kan raga, ta ɗago.

Goshin Iya ne, Saffana. Har wushiryar.

Hausarta ta yi tsatsa, rabi Fante ce, Jamaldeen ke cike mini. Ya ce mata ga wani daga Maraɗi yana neman Abiba. Ta ajiye kifin. Ta ce rabon da a kira ta da sunan nan tun rasuwar matar da ta riƙe ta, 'ya'yanta ma ba su san shi ba. Ta matso da fuskarta har ta cika gilashin, ta ce, "Yaya Sala ya na da rai?" Na ce tana nan, ta haifi bakwai, ni jikanta ne. Ba ta yi kuka ba. Ta koma ta juya kifinta ɗaya bayan ɗaya har ta gama layin, mu muna jira.

Sannan ta ce in ba Iya saƙo. Na ɗauka gaisuwa ce ko addu'a. Ta ce:

"Ka ce masa cikin azumi suka tafi. Baba ya saya mana takalmin salla, ja, nawa da nasa, aka ɗaure a ƙunshi ɗaya. Ya tafi da nawa. Na warke, salla ya zo, duk yaran zango da takalmi, ni ƙafa banza. Ka ce masa ban manta ba."

Ban san ko wasa take yi ko da gaske ba, fuskarta ba ta nuna ba. Shi ya sa ban haɗa ta da Iya ta salula kai tsaye ba. Jamaldeen zai zauna garin har Lahadi. In kin ga Iya za ta iya ɗauka, ki sa mana rana. In kin ga saƙon zai yi mata nauyi, ki faɗi na farkon ki bar na ƙarshen. Amma ke kika sani, kin ga abin da ɓoyo ya jawo mana.

Naki,
Ma'azu

*

Maraɗi
17 ga Oktoba

Ma'azu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An auna Iya yau da safe, jinin daidai.

Na karanta mata duka, ban tsallake ko harafi ba. Da ta ji "Yaya Sala" ta rufe fuska da mayafi. Da na zo kan saƙon sai ta yaye. Can ta ciro makullin da ke rataye a wuyanta ta ce in jawo mata adakarta.

Ka san ƙullin nan na tsohon ɗankwali da ke can ƙasa, wanda ta hana kowa taɓawa, muke cewa layu ne? Ta kwance shi da kanta, ta ƙi a taimaka mata. Takalma ne, Ma'azu. 'Yan ƙanana, ba su kai tafin hannuna ba. Robar ta bushe ta tsattsage, jan ya koɗe. Ta ce ranar sallar farko a Maraɗi ta gan su a cikin kaya, babansu ya ce a ba 'yar maƙwabta, ta ɓoye su ta ce sun ɓace, aka yi mata duka a kansu. Da su aka kai ta ɗakin miji.

Maganar salula kuwa ta ce a'a. Shekara hamsin da shida, ba za ta fara ganin ƙanwarta a cikin gilashi ba. Da ƙafarta za ta je, mai jan da marar jan. Kawu Ilu ya yi faɗa har ya gaji, likita ya ce in za a riƙa yada zango a hanya ba zai hana ba. Ni zan raka ta, na riga na nemi izini a lakwal. Ka turo mini sunan garin nan da ke bayan takardar kayanka, da manyan baƙaƙe don Allah, da lambar Jamaldeen.

Na tambaye ta me za a mayar wa Abiba kafin mu iso. Na zaci za ta yi dogon bayani, har na gyara biro. Ta ɗora takalman a cinya tana share su da gefen zane.

Ta ce a gaya mata suna nan, ba wanda ya taɓa sa su.

Taubashiyarka,
Saffana